Namiji da mace a jiki guda

Ɗan uwa mai karatu, kowa ya san akuya ba ta haihuwa sai da bunsuru, tunkiya sai da rago, saniya sai da sa. To, shin ka taɓa tambayar kanka ina mijin wake, ina mijin kuɓewa? Kana shibka su kowace damana, suna hure, suna ɗiya, ba ka taɓa ganin an kawo musu namiji ba.

Amsar ita ce: tsirrai ma suna da namiji da mace. Sai dai mafi yawansu suna ɗauke da duka biyun a jiki guda. Akwai kuma wasu ƙananan halittu, kamar tana da katantanwa, da Allah ya yi su haka. A Hausa muna ce wa irin wannan halitta mata-maza.

Wannan karatu ya shafi rumbunka da garkarka da lafiyar iyalinka. Manomin da ya gane shi ya san yadda zai tsare irinsa kada ya lalace. Ya san iccen da zai sare da wanda zai bari. Ya san lokacin da fesa magani ke jawo hasara. Mu bi shi sannu sannu.

1. Mi ke cikin hure?

Gani ya kori ji. Da safe, kafin rana ta yi zafi, ka tsinko huren kuɓewa guda. Ka cire ganyayyakin nan masu launin ɗorawa ɗaya bayan ɗaya. A tsakiya za ka ga wani ɗan tsinke a tsaye.

Ka duba jikin tsinken. Yana lulluɓe da ƙananan ƙwayoyi. In ka shafa da yatsa, wani gari mai launin ɗorawa zai manne maka. Wannan shi ne sashen namiji. Garin kuwa shi ne muke kira bununi idan muna maganar hatsi. A cikin wannan karatu, garin kowane hure za mu kira shi bununi.

Ka duba kan tsinken. Akwai ƴan ƙulle-ƙulle jajaye masu laushi. Nan ne bakin sashen mace. Daga nan hanya ta bi ta cikin tsinken, ta sauka har gindin hure. A gindin akwai wani ɗan kumburi kore. In ka tsaga shi da reza, za ka ga ƴan ƙwayoyi farare a jere. Wannan kumburi shi ne mahaifar hure. Shi ne zai girma ya zama kuɓewar da ake miya da ita, ƙwayoyin kuma su zama iri.

Ga yadda abin ke gudana. Ƙwayar bununi ta faɗa bisa bakin sashen mace. Sai ta tsiro da wani zare siriri wanda ido ba ya gani. Zaren ya bi hanya har mahaifa, ya sadu da ƙwaya guda. Daga nan ƙwayar ta kama, ta soma zama iri. Wannan haɗuwa ita ce barbarar tsirrai. In ba a yi ta ba, hure ya bushe ya faɗi, ba a samu komi ba.

Bununi ba shi da ƙafa, ba shi da fiffike. Sai an kai shi. Masu kai shi su ne iska, da ƙudan zuma, da ƙudaje, da malam-buɗe-littafi, har da jemage. Huren kuka da yamma yake buɗewa, jemagu ne ke zuwa shan zaƙinsa da dare, suna ɗaukar bununi daga wannan hure zuwa wancan.

Mutane sun daɗe da sanin dabino yana da namiji da mace. Mutanen Madina suna yi masa barbara da hannu tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi. Amma sai a shekarar 1694 wani malamin ƙasar Jamus mai suna Kamerariyus ya rubuta gwajin da ya yi. Ya cire huren namiji na zurma kafin ya buɗe, ya yanke gemun masara, sai ya ga babu wadda ta yi iri na kirki. Da haka aka tabbata cewa sauran tsirrai ma sai da namiji da mace.

Tsirrai masu hure kashi uku ne. Na farko, namiji da mace cikin hure guda. Na biyu, huren namiji dabam, huren mace dabam, amma bisa gindi guda. Na uku, iccen namiji dabam, iccen mace dabam. Mu ɗauke su ɗaya ɗaya.

2. Namiji da mace cikin hure guda

Wannan kashi shi ya fi yawa a duniya. A cikinsa akwai wake, gujiya, kuɓewa, yakuwa, tumati, tonka, albasa, hatsi, dawa, zogala, aduwa da kuka. Amma ko a cikinsu halin ba ɗaya ba ne.

Wasu suna yi wa kansu barbara. Huren wake da na gujiya a rufe suke kamar ɗan kwale-kwale. Bununi yana zuba bisa sashen mace tun a ciki, kafin wani ƙwaro ya iso. Shi ya sa irinsu ba ya saurin gauraya. In ka samu irin gujiya 55-437 ko wake TN5-78, kana iya ajiye iri daga gonarka shekara bayan shekara, ya fito kamar uwarsa. Abin da zai ɓata shi shi ne ka haɗa shi da wani iri a masussuka ko a buhu. Dawa ma mafi yawa kanta take yi wa barbara, iska na kawo kaɗan daga waje.

Gujiya tana da wani abin mamaki. Hurenta a sama yake, ɗiyanta a ƙasa. Bayan barbara, gindin huren yana miƙo wani tsinke, ya lanƙwasa, ya soki ƙasa. A bakin tsinken nan kwanso ke fitowa. Saboda haka ka gama noman gujiya da wuri. In ka shiga da hauya bayan tsinkayen sun sauka, kana yanke ɗiyan da hannunka.

Hatsi kuwa ba haka yake ba. Kowane zangarniya tana ɗauke da ƙananan huranni masu yawan gaske. In ka lura, fararen zarurruka ne ke fara fitowa, daga kan zangarniya zuwa ƙasa. Su ne sashen mace. Sai bayan kwana 2 ko 3 bununi ke fitowa. Ka ga kenan mace ta riga namijin gidanta shiryawa. Kafin nasa bununin ya zuba, iska ta kawo mata na wani kara, wata sa'a daga gonar maƙwabci.

Wannan shi ya sa irin hatsi ke sakewa. Ma'aikatar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a 1975, tana da babbar tasha a Tarna kusa da Maraɗi. Ta fitar da irin hatsi mai saurin nuna kamar HKP. Manomi ya shibka shi kusa da zango ko wani irin gargajiya. Shekarar farko ya ji daɗi. Ya ajiye iri, ya sake shibkawa. Bayan ƴan shekaru sai ya ga wani dogo, wani gajere, wani ya nuna, wani bai ko fidda kai ba. Sai ya ce an cuce shi. Ba wanda ya cuce shi, iska ce ta gauraya irin.

Haka shibra take samuwa. Jikar hatsin gida ce da hatsin daji. Tana rigan hatsi nuna, kuma tsabarta na zuba ƙasa da kanta. Gaskiya ne tana tsamo iyali daga yunwa kafin kaka ta yi. Amma bununinta yana hawa hatsin kirki. In kana son iri mai kyau, ka yi abu uku:

– ka ware wani yanki a tsakiyar gona, nesa da iyaka, domin iri;
– ka tuge shibra da duk karan da bai yi kama da sauran ba, tun kafin su yi bununi;
– ka zaɓi zangarniyar iri tun tana tsaye a gona, ka ɗaure ta dabam.

In irin ya riga ya gauraye ƙwarai, ka nemi sabo wajen malaman gona ko wajen manoman da ke aikin fidda iri.

Albasa kuma namijinta ne ke riga. A kan sandar albasa akwai ƙananan huranni da yawa, a dunƙule. Kowane hure yana fara zubar da bununi, sa'an nan sashen mace ya shirya. Ƙudan zuma da ƙudaje su ne ke kai bununi daga wannan kai zuwa wancan. Albasar Galmi, ta jihar Tawa, ta yi suna har ƙasashen gaɓar teku saboda launinta da yajinta da jimirin ajiya. Akwai kuma farar albasa ta Sumarana kusa da Maraɗi. In aka bar su biyun suka yi hure kusa da juna, irin da za a samu ba ja ba, ba fari ba, kuma ɗan kasuwa zai rage masa kuɗi. Ƙudan zuma na tafiya nesa. Shi ya sa malaman gona ke neman ratar da ta kai kilomita guda tsakanin irin albasa biyu da ake son ɗaukar irinsu. Manomi ɗaya ba ya iya wannan shi kaɗai. Sai masu garka na fadama guda sun zauna sun yarda da irin da za su bari ya yi hure.

3. Gindi guda, hure iri biyu

Masara ita ce misali mafi sauƙi. Abin nan da ke fitowa a ƙolin kara kamar tsintsiya shi ne huren namiji. Goyon da ke gefen kara shi ne mace. Gemun da ke leƙowa daga bakin goyo kuwa, kowane zare guda yana haɗe da ƙwaya guda. Zaren da bununi ya faɗa masa, ƙwayarsa ta cika. Wanda bai samu ba, wurinsa ya zauna fanko.

Yanzu ka gane dalilin masara mai giɓi. Wanda ya shibka masara layi guda dogo a bakin darni, iska na kwashe bununin ta zubar da shi waje. Gara ka shibka ta a dunƙule, layi 4 ko 5 kusa da juna, ko da gajeru ne. Kada ka karya kan masara domin bisashe tun gemu yana ɗanye, ka jira ya bushe. Ka hana yara tsinke gemun. In masarar garka ce, kada ta rasa ruwa lokacin da take fidda gemu, domin ƙishirwa na sa gemu ya makara, ya fito bayan bununi ya ƙare.

Kabewa, kankana, guna da duma su ma haka suke. Ka duba ƙarƙashin hurensu. Wani hure yana bisa siririn tsinke, ba komi a gindinsa: namiji ne. Wani yana da ƴar ƙaramar kabewa a gindinsa tun bai buɗe ba: mace ce. Huren namiji ne ke fara fitowa, kuma shi ya fi yawa. Sau da yawa mai garka yana ganin hure na zuba, ya ce kabewarsa ta kamu da ciwo. Ba ciwo ba ne. Namiji ne ya gama aikinsa ya faɗi.

Abin damuwa shi ne ka ga ƴar kabewar ta yi ɗorawa, ta ruɓe tun tana ƙarama. Sau da yawa rashin barbara ne. Bununin kabewa yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa, sai ƙwari. Huren kuma da safe yake buɗewa, kafin azahar ya rufe. In mai garka ya fesa maganin ƙwari da safe, ya kashe ƙudan zuman da ke yi masa aiki kyauta. In fesawar ta zama dole, a yi ta da marece bayan ƙudan zuma sun koma, kuma a nemi shawarar malamin gona. Ga duma kuwa a yi hankali, domin farin hurenta da marece yake buɗewa, ƙwarin dare ne ke zuwa masa.

In ƙudan zuma sun yi ƙaranci, kana iya yin aikin da kanka. Da sassafe ka tsinko huren namiji da ya buɗe. Ka cire ganyensa, ka bar tsinken tsakiya mai gari. Ka shafa shi a hankali a tsakiyar huren mace. Namiji guda yana isar mata 2 ko 3. Bayan ƴan kwanaki za ka ga ƴar kabewar ta soma girma.

4. Iccen namiji dabam, iccen mace dabam

Wannan kashi ba shi da yawa. Cikin irin tsirrai masu hure 100, kamar 5 ko 6 ne kawai. Amma a ƙasarmu akwai manya a cikinsu: dabino, giginya, goriba, kanya da ɗanya.

Dabino yana Bilma da Jado da Ingal da Timiya, yana kuma cikin kwaruruwan Damagaram da Manga. In ka shibka ƙwallon dabino, ba ka san abin da zai fito ba. Kamar rabi maza ne, rabi mata. Ba za ka gane ba sai sun yi hure, bayan shekara 4 ko fiye. Wanda ya shibka ƙwallo 20, ya yi ta ban ruwa, yana iya tarar da kusan 10 ba za su taɓa ba shi dabino ba. Hanyar da ta fi ita ce a cire ɗan da ya tsiro a gindin uwa mai daɗin ɗiya, a dasa shi. Ɗan gindin mace mace ne, kuma ɗiyansa kamar na uwarsa.

Masu dabino ba su barin barbara ga iska. Idan kwanson huren namiji ya tsage, sai a yanko shi. A ɗauki sili 2 ko 3, a hau macen da hurenta ya buɗe cikin kwanakin nan, a cusa su a tsakiyar nonon, a ɗaure sako-sako da kaba. Ta wannan hanya namiji guda yana isar mata kamar 50. Nonon da bai samu bununi ba, ɗiyansa na zuba, ko su fito ƙanana marasa ƙwallo, ba su nuna da kyau.

Giginyar Dallol Mauri, wajen Gaya, da goribar Gulbin Kaba su ma haka. Mace ce ke ɗiya, daga ƙwallonta ake samun muruci. Namijin giginya ba ya ɗiya, kuma masu gini suna son azararsa, saboda haka shi gatari ke fara nema. Amma in aka sare maza duka a wuri, matan za su tsaya ba ɗiya. Duk inda ake sara, a bar maza nan da can a tsakanin mata.

Gwanda ita ta haɗa duka uku. Akwai namiji: hurensa ƙanana ne masu yawa, suna reto bisa dogon sili. Akwai mace: hurenta babba ne, manne da jikin icce, ɗiyanta sun fi zama kewayayyu. Akwai mata-maza: hurenta dogo ne, shi ma kusa da jikin icce, da namiji da mace a ciki, ɗiyanta masu tsawo. Wani lokaci namijin gwanda yakan yi ƴan ɗiya kaɗan a bakin dogon sili, amma ba abin dogara ba ne.

Ga dabarar masu garka. A shibka 3 a rami guda. Bayan ƴan watanni, idan sun yi hure, a duba. A bar mace ko mata-maza guda, a sare sauran. In mata ne zalla a garkar, a bar namiji guda ga mata 10. In akwai mata-maza da yawa, ba a bukatar namiji. Kuma irin gwandar mata-maza da ta yi wa kanta barbara ba ya fidda namiji: cikin 3, kamar 2 mata-maza ne, 1 mace. Saboda haka in za ka ɗebi iri, ka ɗeba daga doguwar gwanda mai zaƙi wadda babu namiji kusa da ita.

5. Ƙananan halittu mata-maza

Tana, wadda ke fitowa a ƙasa mai laima, kowace guda namiji ce kuma mace ce. Duk da haka sai biyu sun haɗu. Suna kwanciya kai da wutsiya, kowace ta ba ƴar uwarta, kowace ta karɓa. Daga baya duka biyun su yi ƙwai. Tana abokiyar manomi ce. Tana huda ƙasa, ruwa da iska su shiga, tana cin ruɓaɓɓen ganye ta maida shi taki. Garkar da ake zuba wa takin gida ita ke tara tana. Matsattsaku na cikin tabki shi ma mata-maza ne.

Amma akwai waɗanda wannan hali nasu ke jawo mana wahala. Na farko ita ce ƙaramar katantanwar ruwa, wadda ba ta wuce ƙwayar wake ba. Tana zaune a tabki da hanyoyin ruwa na noman rani, manne da ciyawa. Ita ce masaukin tsutsar tsargiya, ciwon nan da ke sa yara fitsarin jini. Mai ciwon ya yi fitsari cikin ruwa. Ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ya shiga katantanwa, ya hayayyafa a cikinta. Bayan kamar wata guda ƙananan tsutsotsi su fito, su huda fatar mai wanka ko mai wanki ko mai kamun kifi.

Wannan katantanwa mata-maza ce, kuma in ta rasa abokiya tana iya yi wa kanta barbara. Idan tabki ya ƙafe, wasu na ɓuya cikin laka har ruwa ya dawo. Guda ɗaya da ta tsira ta isa ta sake cika tabkin. Shi ya sa ƙare katantanwa ke da wuya. Abin da ke hannunmu shi ne mu yanke hanyar ciwon. Kada a yi fitsari ko bayan gida cikin tabki ko a bakinsa. A yi wa yara wanka da ruwan rijiya ko na famfo. Yaron da ke fitsarin jini a kai shi likita, kada a ce alamar balaga ce. Akwai maganinsa, ƙwaya ce da ake kira praziquantel, kuma a 2004 Nijar ta soma babban shirin raba ta ga ƴan makaranta.

Ta biyu ita ce tsila, farar tsutsar nan mai faɗi da ke zama cikin hanjin mutum. Tana iya kai mita 5 ko fiye. Jikinta gaɓa-gaɓa ne, kuma kowace gaɓa tana da sashen namiji da na mace. Saboda haka tsila guda, ita kaɗai a cikin ciki, tana yin ƙwai dubbai. Gaɓar da ta cika da ƙwai ta tsinke, ta fito da bayan gida. In an yi shi a fili, saniya ta ci ciyawar wurin. Ƙwan ya ƙyanƙyashe a cikinta, ya tafi ya zauna cikin tsoka kamar ƴar farar ƙwaya. Mutum ya ci naman da bai gasu ba, tsila ta tashi a cikinsa. Maganin abin biyu ne: a yi salga a yi amfani da ita, a kuma dafa nama ko a gasa shi har cikinsa ya daina ja.

6. Bisashe da mutane fa?

Ga tsirrai da tana, zama mata-maza shi ne asalin halittarsu, da shi suke haihuwa. Ga akuya da tunkiya da saniya ba haka ba ne. Akan haifi akuya mata-maza jefi-jefi, an fi ganin haka ga waɗanda aka haifa ba ƙaho. Irin wannan akuya ba ta haihuwa. Makiyayi ya kiwata ta domin nama, kada ya jira ɗa. Haka nan in saniya ta haifi tagwaye, maraƙi da maraƙa, cikin irin waɗannan maraƙa 10 kamar 9 ba su ɗaukar ciki.

Ko cikin mutane akan haifi jaririn da ba a gane namiji ne ko mace ba. Ba laifin uwa ba ne, ba laifin uba ba, ba kuma aikin maita ba. Kada a ɓoye shi, kada a yi masa dariya. A kai shi likita da wuri, domin wani irin yana zuwa tare da ciwon da ke iya kashe jariri cikin makonnin farko, alhali akwai maganinsa.

Abin da za mu riƙe

– Ba a samun iri sai bununin namiji ya kai ga sashen mace.
– Wake da gujiya suna yi wa kansu barbara, irinsu ba ya saurin gauraya.
– Hatsi, masara da albasa suna karɓar bununi daga waje. Irinsu yana son tsaro.
– Huren kabewa da ke zuba ba komi a gindinsa namiji ne, ba ciwo ba.
– Ƙudan zuma ma'aikatan garka ne. Kada a fesa magani da safe lokacin hure.
– Ɗan gindin dabino ya fi ƙwallo. Kada a sare mazan giginya da goriba duka.
– Tsabtar ruwa, salga da dafaffen nama suna yanke hanyar tsargiya da tsila.

Tambayoyi

1. Mi ake kira bununi? Su wa ke kai shi daga hure zuwa hure?
2. Domi irin hatsi ke gauraya, na gujiya bai cika gauraya ba?
3. Ƙaƙa ake gane huren namiji da huren mace na kabewa?
4. Mi ke sa masara ta yi giɓi?
5. In ka shibka gwanda 3 a rami guda, wacce za ka bari?
6. Domi ƙare katantanwar tabki ke da wuya?

Aikin yi

Ku rabu kashi uku. Kashi na farko su kawo huren kuɓewa ko na yakuwa. Na biyu su kawo huren kabewa, namiji da mace. Na uku su zagaya gari su ƙidaya itatuwan gwanda: maza nawa, mata nawa, mata-maza nawa. Kowane kashi ya rubuta abin da ya gani cikin layi 5, ya karanta wa sauran a zama mai zuwa.